Shin da gaske fatalwowi na yawo a fagen yaƙin Gettysburg?

Mai_Bin_Sawu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai tambayar da ta daɗe tana cin raina. Garin Gettysburg da ke jihar Pennsylvania a Amurka, inda aka gwabza yaƙi daga 1 zuwa 3 ga Yulin 1863 lokacin yaƙin basasar ƙasar, ya yi ƙaurin suna wajen labaran fatalwa. Masu ziyara suna cewa suna jin rugugin igwa da dare, suna jin ƙaurin albarushi, wasu ma su ce sun ga sojoji cikin tsohon kaki suna tafiya a sahu, kafin ƙiftawar ido sun ɓace. Akwai wani wuri mai manyan duwatsu da ake kira Devil's Den, inda aka ce wani mutum ba takalmi, da hula mai faɗin baki, yakan fito ya nuna wa baƙo hanya, yana juyawa sai ya neme shi ya rasa. Mutane masu yawa haka, shekara da shekaru, duk ƙarya suke yi? In ba ƙarya ba ce, me suke gani?

Abu_Safwan:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, mu fara da abin da ba mu da shakka a kansa. Wanda ya mutu ya tafi, ruhinsa yana barzahu, ba ya dawowa yawo a gona ko kan dutse. Ka duba Suratul Mu'uminun aya ta 99 da ta 100, inda mai mutuwa ke roƙon a mayar da shi duniya, aka ce masa a'a. Aljanu kuwa gaskiya ne, suna iya rikiɗa, kuma suna son kangwaye da wuraren da mutane suka ƙaurace wa. In har wani ya ga abu da gaske, to ba sojan 1863 ya gani ba.

Saratu_J:
Mu ma a wajenmu Kiristoci haka abin yake, Malam. Ibraniyawa 9:27 ta ce an ƙaddara wa mutum ya mutu sau ɗaya, bayan haka sai shari'a.

Ɗalibi_a_Ƙetare:
Ni na je wurin lokacin da nake karatu a Amurka, kuma ba zan ce na ga kowa ba. Amma na tsaya a cikin duwatsun nan gab da faɗuwar rana, jikina ya yi nauyi, tsikar jikina ta tashi. Na ji ƙara mai zurfi daga nesa, kamar an buga wani abu a ƙarƙashin ƙasa. Abokin tafiyata shi ma ya ji. Wayata kuma ta mutu alhali da cajinta. Ba na ƙara gishiri, abin da ya faru ke nan.

Injiniya_Bash:
@Ɗalibi_a_Ƙetare a wane lokaci na shekara ka je? Sanyi yana kashe batirin waya farat ɗaya, musamman in ya tsufa. Batun ƙara kuma, yankin cike yake da masu kwaikwayon yaƙin, suna sa kaki irin na da, suna harba igwa da albarushi ba harsashi. Sauti mai zurfi yana tafiya nesa ƙwarai, tsaunuka da iska suna karkatar da shi. Ko a ainihin yaƙin an ruwaito cewa mutanen da ke nesa sosai sun ji rugugin igogin, wasu na kusa kuma ba su ji sosai ba.

Ɗalibi_a_Ƙetare:
Da kaka ne, akwai sanyi. Na wayar na yarda. Na ƙarar ban gamsu ba tukuna.

Malam_Mai_Tarihi:
Ku ba ni dama in ɗan yi tsawo, domin ina ganin ba za a fahimci labaran nan ba sai an san abin da aka bar wa mutanen garin bayan sojoji sun tafi.

Mutanen Gettysburg a lokacin ba su wuce 2,400 ba. Rundunar Arewa ƙarƙashin Janar George Meade da ta Kudu ƙarƙashin Janar Robert E. Lee suka haɗu a kansu. Da aka tashi, an bar gawarwakin mutane kusan 7,000 a gonaki da lambuna da bakin rafi, ga mushen dawakai sama da 3,000, ga dubban masu rauni an cika coci-coci da makarantu da rumbuna da su. Tsakiyar bazara ce, rana na dukan gawa. Mazauna garin sun riƙa yawo da kwalaben man na'a-na'a suna shafawa a hanci saboda ɗoyi, kuma ɗoyin bai gushe ba sai da sanyi ya shigo. An binne mutane a gaggauce cikin ramuka marasa zurfi, ruwan sama ya zo ya tone wasu, aladu suka tone wasu.

Daga baya an kwashe matattun Arewa zuwa sabuwar maƙabarta, wadda Shugaba Abraham Lincoln ya yi shahararren jawabinsa wajen buɗe ta ranar 19 ga Nuwamban 1863. Kimanin 3,500 ne a ciki, kusan 1,000 ba a san sunayensu ba. Matattun Kudu kuwa an bar su inda suke, a gonakin mutane, har sai tsakanin 1871 da 1873 aka tono sama da 3,000 aka kai su Richmond da wasu biranen Kudu. Shekara takwas zuwa goma manomi yana huɗa garmarsa tana tono ƙashin mutum.

Akwai wani fili a gonar wani mai suna Forney, inda rundunar Janar Alfred Iverson ta 'yan North Carolina ta shiga tarko a ranar farko. Sojojin Arewa na kwance bayan katangar dutse, suka miƙe suka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka zube cikin 'yan mintoci, wasu a jere kamar yadda suke a sahu. A nan aka tura su dogayen ramuka. Tsoffin sojojin rundunar da suka rubuta tarihinta wajen 1900 sun ruwaito daga mai gonar cewa shekaru bayan yaƙin, 'yan ƙodago ba sa yarda su tsaya aiki a wannan fili in magariba ta kawo jiki. Wannan shi ne irin labarin da nake ɗauka da muhimmanci. Ya fito daga mutanen da suka san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu.

Uwar_Hanan:
Innalillahi. Malam, wallahi wannan bayanin ya fi labarin fatalwar tayar min da hankali. Kowanne daga cikinsu ɗan wata ne.

Mai_Bin_Sawu:
Na gode Malam. Amma ni na karanta cewa mutum 51,000 ne suka mutu a yaƙin.

Malam_Mai_Tarihi:
Wannan adadin ya haɗa waɗanda aka kashe, da masu rauni, da waɗanda aka kama, da waɗanda suka ɓace, daga ɓangarorin biyu. Masu tallar yawon fatalwa sukan ce duka sun mutu, amma ba haka ba ne.

Ƙanwar_Maza:
To labarin lif ɗin nan fa? Shi ne ya hana ni barci. An ce wasu ma'aikata mata biyu a kwalejin garin sun shiga lif da dare a tsohon ginin da aka mayar asibiti lokacin yaƙin, maimakon ya tsaya a hawan da suka danna sai ya zarce ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ƙofa na buɗewa suka ga likitoci jina-jina suna yanke ƙafafu, majinyata birjik a ƙasa, ɗaya daga cikin ma'aikatan asibitin ya ɗago yana kallonsu kamar mai neman taimako.

Injiniya_Bash:
Ginin gaskiya ne, Pennsylvania Hall ake kiransa, kuma an yi jinyar masu rauni a cikinsa. Amma ƙanwata, ki lura da lokacin da labarin ya bazu. Wani tsohon ma'aikacin filin yaƙin mai suna Mark Nesbitt ya fara buga littattafan labaran fatalwar Gettysburg a 1991, ya buɗe sana'ar zagayawa da baƙi da dare a 1994. Daga nan kasuwa ta buɗe, kamfanoni suka yi yawa, kowa da fitilarsa da labarinsa. Hukumar da ke kula da ainihin filin rufe shi take yi da dare, shi ya sa yawancin zagayen a titunan gari ake yi. Duk inda tsoro ya zama abin sayarwa, dole labari ya riƙa ƙaruwa. Ga misali, akwai wata gadar katako mai rufi, Sachs, da ake cewa an rataye sojojin Kudu uku a kanta. Masana tarihi ba su samu wata takarda da ta nuna an yi hakan ba, amma kullum ana faɗa wa baƙi.

Ɗan_Fari_09:
Ruwa dai ba ya tsami banza. Ba Amurka kaɗai ba ce ai. A Ingila ma an yi haka, har sarki ya sa baki.

Malama_Binta_Adabi:
Gaskiyarka, Edgehill kake nufi. An yi yaƙin ranar 23 ga Oktoban 1642, babban karo na farko a yaƙin basasar Ingila. Gab da Kirsimetin shekarar, makiyaya da matafiya a kusa da ƙauyen Kineton suka ce sun ji ganguna da nishin masu mutuwa, suka ɗaga kai suka ga ana sake yaƙin a sararin sama. An buga ƙasida a Landan a Janairun 1643 mai ba da labarin, ta ce Sarki Charles na ɗaya ya aiko jami'ansa daga Oxford, su ma sun gani, har sun gane Edmund Verney, mai riƙe tutar sarki da aka kashe a wurin. Sai dai mu sani, ƙasidun wancan lokacin su ne makamin farfaganda, kowane ɓangare yana neman alamar da za ta nuna Allah ya yi fushi da ɗayan.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na Girka. An yi yaƙin Marathon shekara 490 kafin haihuwar Annabi Isa, tsakanin mutanen Atina da Farisawa. Sama da shekara 600 bayan nan, wani marubuci matafiyi mai suna Pausanias ya je wurin, ya rubuta cewa kowane dare ana jin haniniyar dawakai da hayaniyar masu faɗa. Ya ƙara da cewa wanda ya je da niyyar kallo ba ya wanyewa lafiya, wanda kuwa hanya ta bi da shi bai sani ba, ba abin da ke samunsa. To ku ji abin da ya ce a wuri guda: ya ga tudun da aka binne mutanen Atina 192 da sunayensu, amma ya nemi kabarin Farisawa bai gani ba, domin rami aka zuba su. Ku haɗa wannan da abin da @Malam_Mai_Tarihi ya faɗa kan sojojin Kudu. Inda aka kasa yi wa mamaci sutura da kabari, a nan ake cewa bai kwanta ba. Ni a ganina rayayyu ne hankalinsu bai kwanta ba, suna sane da haƙƙin da ba a sauke ba.

Saratu_J:
Malama, wannan maganar ta shige ni.

Abu_Safwan:
Malama ta yi magana mai kyau ta fuskar halayyar ɗan Adam. Ina ƙara jan hankali dai kada tausayi ya kai mu ga cewa rashin kabari yana hana ruhi tafiya. Wanda kifi ya cinye da wanda wuta ta ƙone duk suna hannun Allah. Binne mamaci haƙƙi ne a wuyan masu rai, su za a tambaya.

Tsohon_Soja:
'Ya'yana, na daɗe ina karanta ku ban ce komai ba. Na sa kaki, na ga fagen daga. Ban taɓa ganin fatalwa ba. Amma har yau akwai warin da in na ji shi, nan take nake komawa wani wuri da na baro shekaru masu yawa. Akwai muryar wani yaro da ke kiran uwarsa, ina jinta wani lokaci da asuba, sarai kamar a bayan ɗaki. Na san ya rasu, ni na rufe masa ido. In ka tambaye ni ko na ji shi, zan rantse na ji. In ka tambaye ni ko yana nan, zan ce ba ya nan.

Saboda haka in an ce tsoffin sojojin wancan yaƙin ko matan da suka yi jinya sun riƙa jin abubuwa, kada ku ce ƙarya suke. Amma wanda ya sayi tikiti ya je neman abin firgita a kan kabarin mutane, wannan ban san sunan da zan ba shi ba. Wurin maƙabarta ce.

Uwar_Hanan:
Allah ya saka da alheri Baba, ya sanyaya maka zuciya.

Mai_Bin_Sawu:
Amin. Baba, na gode da ka buɗe mana wannan. Amma ga inda nake tsaye har yanzu: ku kun ga yaƙi, shi ya sa. Baƙon da bai taɓa jin ƙarar bindiga ba fa, kamar ɗalibinmu, me ya taɓa shi?

Likita_Hauwa:
Bai je da kai wayam ba. Ya san dubban mutane sun mutu a wurin, ya ji sunan duwatsun, rana na faɗuwa, ga sanyi. Ƙwaƙwalwa in ta sa ran haɗari sai ta buɗe kunne da ido fiye da ƙima, kuma an halicce ta da saurin ganin fuska da siffar mutum a cikin hazo ko inuwa. Nauyin jiki da tashin tsika duk gaskiya ne, jiki ne ke amsa abin da zuciya ta sani. Mutum biyu kuma suna iya ƙarfafa wa juna, ɗaya ya ce "ka ji?" ɗayan ya ji.

Ɗan_Fari_09:
Likita, komai sai ku ce ƙwaƙwalwa. Sojojin Ingila da suka ga mala'iku a Mons fa, su ma duka ƙwaƙwalwa ce?

Malama_Binta_Adabi:
Wannan ma ya fi kowanne sauƙin bin sawu. An yi yaƙin Mons a Beljiyam ranar 23 ga Agustan 1914. Ranar 29 ga Satumba wata jaridar Landan ta buga ƙagaggen labari na marubuci Arthur Machen, inda 'yan baka, wato masu harbi da kibiya, na yaƙin Agincourt na 1415 suka sauko suka kare sojojin Ingila daga Jamusawa. Mutane suka ɗauka rahoto ne. Zuwa 1915 'yan bakan sun koma mala'iku, ana wa'azi da su a coci. Machen ya fito ya ce shi ya ƙirƙira, aka ƙi yarda da shi. Iyayen da 'ya'yansu ke bakin daga suna buƙatar jin cewa sama na tare da su.

Injiniya_Bash:
Ko hoto ma ba hujja ba ne a Gettysburg tun asali. Shahararren hoton nan na gawar sojan Kudu kwance a bayan katangar duwatsu a Devil's Den, da bindiga jingine, masanin hotuna William Frassanito ya nuna a 1975 cewa an ɗauki gawar nan hoto a wani wuri daban, masu hoton ne suka matsar da ita suka shirya wurin. Yanzu wasu na cewa wai fushin wannan sojan ne ke lalata kyamarori a wurin. Kun ga yadda ake ɗora sabon labari a kan tsoho.

Zainabu_Kaɗai:
Abin da ke damuna daban ne. Duk ana ta maganar sojan da ke yawo, an manta dalilin yaƙin. A kan bauta aka yi shi. Lokacin da rundunar Lee ta shigo Pennsylvania, ta kama baƙaƙen fata, har da waɗanda aka haifa 'yantattu, ta tura su Kudu a matsayin bayi. Baƙaƙen Gettysburg da yawa gudu suka yi kafin sojojin su iso. Kuma da aka zo tono gawarwakin Arewa don kai su maƙabarta, wani baƙar fata mai suna Basil Biggs ne ya jagoranci ma'aikatan da suka yi aikin da hannunsu. Akwai Elizabeth Thorn, mijinta na bakin daga, tana da cikin wata shida, ita da tsohon mahaifinta suka haƙa kaburburan sojoji kusan ɗari. Waɗannan su ne suka taɓa matattun. Me ya sa baƙo zai san mai hula marar takalmi wanda ba a tabbatar ya taɓa rayuwa ba, bai san su ba?

Malam_Mai_Tarihi:
Zainabu, Allah ya yi miki albarka. Ki ƙara da Jennie Wade, 'yar shekara 20, tana kwaɓa fulawar burodi a gidan yayarta da safiyar 3 ga Yuli harsashi ya huda ƙofa biyu ya same ta. Ita kaɗai ce farar hula da aka kashe kai tsaye a yaƙin. Yau gidan na cikin wuraren da ake kai masu neman fatalwa.

Ƙanwar_Maza:
Amma Yaya Zainabu, ni ta hanyar labarin lif ɗin na fara sanin akwai wani wuri Gettysburg. Da ba don shi ba, da ban zo nan na ji sunan Elizabeth Thorn ba. Ba ya da amfani ko kaɗan?

Zainabu_Kaɗai:
Yana da shi ga wadda ta ci gaba da tambaya irinki. Mafi yawa a lif ɗin suke tsayawa.

Ɗalibi_a_Ƙetare:
Akwai abin da na lura game da yawan matattu. A Verdun da ke Faransa, yaƙin 1916 ya ci rayuka kusan 300,000, kuma a ginin Douaumont an tara ƙasusuwan mutum wajen 130,000 da ba a san ko su wane ne ba, ana hango su ta ƙananan tagogi. Akwai ƙauyukan da ba a sake ginawa ba har yau. In yawan jini ne ke kawo fatalwa, da can ya kamata a fi jin labari, amma ba a tallarsa kamar Gettysburg. Wannan ya sa na karkata ga maganar Injiniya. Duk da haka ƙarar da na ji ba ta yi kama da ta igwar wasa ba, na taɓa jin tasu a wani taro.

Ɗan_Fari_09:
To ka gani. Ni dai ina tare da Abu_Safwan, aljanu ne. Kawo bayanin kimiyya a kan labari tara bai goge na goma ba.

Abu_Safwan:
Ban ce tabbas aljanu ne ba, ɗan'uwa. Na ce in har an ga wani abu da gaske. Yawancin abin da aka kawo a nan bai kai ga haka ba.

Uwar_Hanan:
Malam Mai Tarihi, tambaya ɗaya. An gama kwashe su duka kuwa, ko har yanzu akwai waɗanda ke cikin gonakin?

Malam_Mai_Tarihi:
Ba a gama ba, Hajiya. A 1996 wani mai ziyara ya ga ƙasusuwa sun fito a gefen hanyar jirgin ƙasa inda aka yi faɗan ranar farko, zaizayar ƙasa ta tono su. Bincike ya nuna soja ne na yaƙin, amma ba a iya tantance ko na Arewa ne ko na Kudu ba. An binne shi a maƙabartar sojoji a 1997. Masana na ganin akwai sauran wasu da ba a gano ba, shi ya sa haƙa ko yawo da na'urar neman ƙarfe a filin laifi ne a dokar tarayyar Amurka.

Mai_Bin_Sawu:
Ke nan labarin gonar Forney yana da tushe, na gada ba shi da shi, na Mons an san mai shi. Na Edgehill ne har yanzu ban san inda zan ajiye shi ba. @Malama_Binta_Adabi, ban da ƙasidun da aka buga don sayarwa, akwai wani daga cikin jami'an da aka ce sarki ya aika da ya rubuta abin da ya gani da hannunsa?

Injiniya_Bash:
Tambayar da ya kamata a yi ke nan. @Ɗalibi_a_Ƙetare kai ma in ka tuna watan da ka je da ranar mako, faɗa mana, a duba ko akwai taron masu kwaikwayo a yankin a lokacin.